Birnin Hastara da Gawar Yaya Nomau

Ku gyara zama, ku da kuka daɗe kuna tambayata labarin ƙasashen da ke bayan teku. Na ƙetare ruwa mai gishiri, na ƙetare ruwa mai ƙanƙara, na ga garin da ake tafiya a ƙarƙashinsa, na ga sararin da rana ke kewaya shi ba ta faɗuwa. Zan faɗi abin da idona ya gani bi da bi, ba ƙari ba ragi, inda kuma na yi wauta zan ce na yi.

Sunana Istifanus Kurmin-Dawa. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan mahaifiyarmu, ni da yayana Nomau, a wani ƙauyen Maguzawa da ke kudancin ƙasar Kano. Ranar da aka kai ni makarantar mishan, Bature ya tambaye ni sunan ubana. A gidanmu ɗa ba ya ambaton sunan ubansa, saboda haka na sunkuyar da kai. Ya tambaya har sau uku, da ya gaji sai ya rubuta sunan ƙauyenmu. Yaya Nomau kuwa ya musulunta tun yana saurayi, ya bi fatake zuwa kudu, ya kama aikin jirgin ruwa. Shi ba ya jin nauyin bakinsa, da aka tambaye shi ya faɗa, aka rubuta shi Nomau Barmo. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ina ajin ƙarshe mahaifinmu ya rasu. Bature ya ce bai kamata in je jana'izar da ake zuba giya a ƙasa ba, na kuwa bi maganarsa. Yaya Nomau ya haƙa kabarin da hannunsa, shi da tsofaffi biyu, a wata gona da daji ya cinye daga baya. Da ya gama ya zo ƙofar makaranta da jar ƙasa a gwiwarsa, ya sa aka kirawo ni.

Ya ce, "Ka ƙi taɓa ubanka don ba addininku ɗaya ba. To ni ma ba ɗaya muke ba. Ranar da na mutu kada ka taɓa ni."

Ya juya ya tafi. Shekara arba'in da ɗaya ban sake ganinsa ba. Sai ga wasiƙa daga wata mata mai suna Madam Solbi, daga birnin Hastara, babban birnin ƙasar Marlanda da ke can ƙuryar Turai ta arewa. Ta ce a gidanta yake zaune, ciwo ya kwantar da shi, kuma ba ya kiran kowa sai ni.

Kwana ashirin da shida na yi a kan ruwa. Mun ratsa Tekun Hazo, inda jirgi ke kuka kamar bijimi don kada ya yi karo da ɗan'uwansa. Mun wuce duwatsun ƙanƙara masu iyo, wani ya fi dutsen Dala. Muna ƙara yin arewa dare yana ƙanƙancewa, har ya zama ɗan lumshi, har ya ɓace. Ranar da muka tsaya a gaɓar Hastara kwana biyu ke nan ban runtsa ba, ina jiran duhu in kwanta.

Ban taɓa ganin gari mai rai irin wannan ba. An zo lokacin bikinsu na tsakiyar rani, kowane titi an rataya masa ganye da furanni. Gidajen dutse hawa shida, an shafe su rawaya da ja da shuɗi, suna kallon kansu a cikin kogi. Na ƙirga gadoji tara. Akwai wata matakala mai tafiya da kanta, tana haɗiye mutane zuwa cikin ƙasa, inda jirage ke gudu a rami kamar gafiya. A tsakiyar fili ga wani sarki na tagulla a kan doki, tattabaru sun yi masa farin rawani da kashinsu, ba wanda ya damu. Ga wani babban agogo, da sa'a ta cika sai mutanen ƙarfe su fito ta taga su doke shi da guduma su koma. Na ga kare sanye da riga. Na ga mace tana ba shi abinci a faranti, wani tsoho kuma yana zaune a ƙasa kusa da su ba wanda ya ce masa sannu.

Na gaida mutum goma sha ɗaya kafin in daina. Kowa na dariya, amma da wanda suka fito tare. Na ga babbar majami'a mai hasumiya biyu, irin wadda aka manna hotonta a bangon ajinmu, aka ce mana ran Lahadi ba masaka tsinke a cikinta. Na leƙa. Tsofaffin mata huɗu ne a ciki, da wani mai sayar da hotuna a bakin ƙofa.

Da na sami gidan Madam Solbi na tsaya a ƙofa na yi sallama. Shiru. Na tafa hannu, na sake sallama, na koma gefe na tsaya, don ba a faɗa wa gidan mutane haka kawai. Sa'a uku ina nan. Ashe akwai wani ɗan maɓalli a jikin bango, wanda ake dannawa ƙararrawa ta yi ƙara a ciki. Sai da ta fito zubar da shara ta same ni. Tsohuwa ce doguwa, da ta dubi fuskata sai ta ajiye bokitin ta rufe bakinta da hannu.

Ta ba ni shayi, ta gaya mini da guntun Turancinta cewa yau kwanansa huɗu da rasuwa. Ta ce yana gidan sanyi, inda hukuma ke ajiye matattu. Sannan ta faɗi abin da ya fi wannan muni. Dokar birnin ita ce, gawar da ɗan'uwa na jini bai zo ya karɓa ba, ranar kwana na bakwai da tsakar rana sai a sa ta a wuta, a zuba tokar a teku. Ita ta je ta roƙa, an ce ba jininsa ba ce. A ranar kuma an riga an rufe ofis, saboda sa'o'in da na ɓata a ƙofa.

Ta kai ni ɗakinsa a hawa na biyar. Gado ɗaya, kujera ɗaya, buta, hular sanyi a rataye. A ƙasa ga buzunsa na salla a shimfiɗe, ba daidai da bango ba, a karkace. Na ɗaga shi na ga katakon daɓen ya yi santsi a wuri biyu, inda gwiwoyi ke sauka. Na tsaya a wurin na ɗaga kai. Ta taga, can nesa bayan gari, akwai wani dutse mai kai biyu da ƙanƙara a bisansa, buzun yana fuskantar tsakanin kawunan. Na lura da wannan ne kawai don ni mutum ne mai lura, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Kwana na biyar na tafi gidan sanyi. Yana bayan gada ta tara, da dogon bututun hayaƙi a bayansa. Mai riƙe da littafin matattu wani mutum ne siriri mai tabarau, sunansa Torbal. Bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ba ni kujera, ya karɓi takardata, ya ajiye ta kusa da ta Yaya Nomau, ya daidaita gefunansu da yatsa. Ya ce wannan Barmo ne, wannan Kurmin-Dawa. A ƙasarsu 'yan'uwa maza sunan gida ɗaya suke ɗauka. Na ba shi labarin Bature da tambayarsa uku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya yarda ba ƙarya nake ba, amma yardarsa ba ta shiga littafi. In kawo shaidar da ido zai gani, hannu ya rubuta. Na roƙi ko ganin gawar in yi, ya ce wannan ma sai ɗan'uwa.

Na koma ɗakin na zauna a kujera ina tunanin inda zan samo shaida. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na ce bari in jira rana ta faɗi in ɗan kwanta. Tana saman hasumiyar majami'a sa'ad da idona ya rufe. Da na farka tana nan a saman hasumiyar. Agogona ya tsaya don ban murɗa shi ba. Madam Solbi ba ta gida, ta tafi biki wurin 'yarta a ƙauye. Na yi lissafi irin na mutumin da ya saba ƙirga kwana da faɗuwar rana, na ce tunda duhu bai yi ba, ɗan gyangyaɗi na yi. Na sake kishingiɗa. Da na tashi karo na biyu na ce to, yau kwana shida, ina da yini guda a hannu.

Na fito ina tafe a hankali, ban san inda na nufa ba. A bakin gada ta uku wani ƙamshi ya tsayar da ni, ƙamshin da ba na ƙasar ba, ƙuli-ƙuli da yaji a kan wuta. Wani baƙin mutum mai furfura yana juya tsire, Turawa sun yi layi a gabansa. Kafin in buɗe baki ya nuna ni da wuƙa.

Ya ce da Hausa, "Wannan billen na san shi. Shekara goma sha tara ina kallonsa a fuskar wani Bakano mai cin tsirena yana kushe shi. Kai ne ƙanen Nomau, ɗan mishan."

Na ce ni ne. Ya ce sunansa Yero, mutumin Zazzau, wato ubangijina, irin wasan Zagezagi da Kanawa. Na ce ban taɓa ganin ubangiji yana fifita wuta a bakin titi ba. Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu ya ce hayaƙi ne. Ya ce shi ma ya je wurin mai tabarau sau biyu an koro shi. Sannan ya tambaye ni ko na riga na karɓo gawar. Na ce sai gobe ne kwana bakwai.

Ya ajiye wuƙar. "Yau ne, Bakano."

"Yau shida."

"Jiya shida, jiya aka kafa sandar biki. Yau ake rawa. Ka dubi agogon can."

Mutanen ƙarfe suka fito suka doki sha ɗaya. Kwana guda cur na yi ina barci, rana ta kewayo ta dawo inda na bar ta. Na dafa teburinsa. Na ce ko na je yanzu ba ni da shaida.

Yero ya ce, "Ni da me na gane ka? Takarda ka nuna mini?"

Na kai hannu kuncina. Tsagar gidanmu 'yan baka ce uku-uku, da bille guda a kuncin hagu. Amma namu billen ba kamar na kowa ba ne. Askar wanzamin ƙauyenmu tana da giɓi a baki, bai taɓa canja ta ba, duk inda ya ja bille sai ƙarshensa ya rabu biyu kamar harshen maciji. Yero ya bar wa wata mai sayar da kifi wutarsa, muka kama hanya.

Gada shida ke gabanmu, kuma duk garin ya fito titi. A babban fili, inda suka kafa doguwar sanda mai ado da ganye, dubban mutane sun riƙe hannun juna suna zagayawa, masu goge da masu ƙaho suna tsakiya. Wasu 'yan mata suka gan ni, suka yi guɗa irin tasu, suka ɗora mini rawanin fure, aka ja ni cikin da'ira. Yero ya yi mini ihu daga waje cewa al'adarsu ce, baƙon da rawa ta kama ba ya fita sai kiɗa ya tsaya, kiɗan kuwa sai tsakar rana. Na fizge, suka ƙara riƙe ni suna dariya, sun ɗauka wasa nake. Na yi musu magana da Turanci, ƙarar ƙaho ta cinye. Ina zagayawa, duk zagaye ɗaya in ga agogo, in ga bututun hayaƙin can nesa.

Sai na tuna da wata waƙa da matar Bature ta koya mana, wadda ake yi in an ɗauki gawa. Ta ce daga ƙasashensu na sanyi aka kawo muryarta, aka sa mata kalmomin Hausa. Na tsaya cak, na buɗe murya iyakar ƙarfina. Na kusa da ni suka ci gaba da dariya. Amma wani tsoho mai goge ya ji, ya sauke sandarsa. Na kusa da shi ya sauke. Tsofaffi suka fara cire hula, shirun ya bi fili kamar ruwa ya bi kwari. Matasan ba su san waƙar ba, suka dubi kakanninsu suka saki hannu. Aka buɗe mini hanya. Na bi ta ina rerawa, da furen a kaina, har na fita.

Saura minti goma sha biyu muka shiga gidan sanyi. Mun tarar an turo shi a kan gadon ƙarfe mai taya, an rufe da farin ƙyalle, mutum biyu suna jiran ƙarar agogo. Torbal yana tsaye da littafinsa. Yero ya yi masa bayani da harshensu, yana nuna kuncina. Torbal ya ce tabo tabo ne, kowa na iya yanka fuskarsa. Na ce ya buɗe ya auna, in ya sami bambanci in tafi ba zan ƙara magana ba.

Ya dubi agogo, ya dube ni, ya yaye ƙyallen.

Na bar saurayi mai faɗin kafaɗa, na tarar da tsoho ƙanƙane, da kamannin mahaifinmu sak. Ban yi kuka ba, ba lokacinsa ba ne. Na durƙusa na jera fuskata da tasa, kuncina yana jin sanyin da ke fita daga nasa. Torbal ya ɗauko rula da gilashin ƙara girma. Ya ƙirga 'yan baka, uku da uku, a gare shi da gare ni. Ya auna billen. Da ya kai ƙarshensa ya daɗe yana dubawa, ya koma kan nawa, ya sake komawa. Ya tambayi shekarun tabon, na ce tun muna kwana bakwai a duniya aka yi mana. Ya ce wuƙa ɗaya ce ta yi wannan, kuma ba jiya ba.

Agogo ya fara bugawa. Mutanen nan biyu suka kama gadon. Torbal ya ɗora tafinsa a kai, ya riƙe har aka gama bugu sha biyu. Sannan ya buɗe littafi ya zana billen da reshensa biyu, da kyau, ya rubuta awonsa a gefe, ya miƙo mini alƙalami.

Yero ya tara ma'aikatan jirgi Musulmi biyar daga tashar ruwa. Da aka zo wanka na ja da baya, na gaya masa abin da Yaya Nomau ya ce mini a ƙofar makaranta.

Yero ya ce, "Wannan maganar ya faɗa mini ita ya fi sau ɗari. Kullum in ya kai ƙarshenta sai ya ce bakinsa ne ya cuce shi. Naɗe hannun rigarka, ka riƙe mini kansa."

Na riƙe. Suka yi masa salla ina tsaye a bayansu.

Maƙabartar tana bayan gari, a wani fili mai ciyawa, kiɗan biki yana isowa sama-sama. Mai haƙa ya tsaya da shebur yana jiran a nuna masa yadda ramin zai kwanta. Nan gardama ta tashi. Ba wanda ya san alƙibla a wurin. Wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Yero ya ce shi a ɗakinsa da kusurwar kabad yake ganewa. Na ɗaga kai in nemi gabas kamar yadda muke yi a gida, sai ga rana a rataye, ba ta fito daga ko'ina ba, ba ta kuma nufi ko'ina ba. Na juya ina duban sararin, har idona ya faɗa kan dutsen nan mai kai biyu.

Na ce musu can ne, tsakanin kawunan. Wani cikin ma'aikatan jirgin ya tambayi Yero yadda Kirista zai nuna musu alƙibla. Na ce ba ni na nuna ba, mai gawar ne, gwiwoyinsa sun rubuta ta a daɓen ɗakinsa. Suka dubi dutsen, suka yarda.

Na karɓi shebur ɗin na haƙa da hannuna. Ƙasarsu baƙa ce, mai sanyi, da ƙananan duwatsu. Ni na shiga ramin, aka miƙo mini shi, na kwantar da shi a gefen dama, na juya fuskarsa ga dutsen. Billen yana sama, ina jin sa ta cikin likkafani. Na ce, "Yaya, na taɓa ka. Ka yi haƙuri." Sannan muka rufe.

Na kwana tara a Hastara bayan haka, ban ga duhu ba sai da jirgi ya yi kwana shida a hanyar gida. In kun ce in ba ku labarin gadoji da matakala mai tafiya zan ba ku, duk na rubuta su da adadinsu. Amma tun daga gida akwai tambaya ɗaya da na ɗauko a bakina, na ƙetare teku da ita, na dawo da ita. Tsofaffin nan biyu da suka taya shi haƙa kabarin sun daɗe da mutuwa, daji ya rufe gonar. Yaya Nomau kaɗai ya san inda mahaifinmu yake kwance.

Iyakar abin da na gani ke nan. Ku tashi, rana ta kusa faɗuwa, ina so in kalle ta.